Desanka Mai Wankin Taga da Hazon Gidan Kawu Gavra

Kafin motar burodi ta gama zagaya unguwarmu, za ka ji kacar keken Desanka Kolarov tana kuka a kan layi. Keken nan ya girmi wasu daga cikin masu karanta wannan shafi. Tsani yana ɗaure a gefensa da igiyar shanya, bokiti biyu suna lilo a gaba, kwandon baya kuma cike da tsummoki da kwalbar ruwan tsami da damin tsofaffin jaridu. Takan ce jaridar garinmu ba ta taɓa amfanar kowa kamar yadda ta amfane ta ba, don babu abin da ke fitar da ƙyallin gilashi kamarta. Na tabbata da ba ta ajiye aiki ba, wannan shafin ma da nake yabonta a cikinsa a jikin tagar wani zai ƙare.

To, ta ajiye. Shekara talatin da ɗoriya ke nan tun da masaƙar da take aiki ta rufe, ta ari tsanin surukinta ta fara ƙwanƙwasa ƙofofin mutanen garinmu Sombor. Yanzu kafaɗarta ta dama ta ce ta gaji, likita kuma ya goyi bayan kafaɗar. Ba wanda zai kira taro, ba wanda zai ba ta lambar yabo, shi ya sa na ce bari ni in yi magana. Ni ce Zagorka, mai shagon zare da maɓallai a kan kwana. Tagata tana kallon titi, kuma ba na musun cewa ina leƙe. Wanda bai so a gan shi ba, sai ya bi ta wani layin.

Desa, kamar yadda muke kiranta, ba ta taɓa yanke wa gida kuɗi ta waya ba. Ka kira ta ka ce, "Ɗan gida ne, taga shida ce kawai," sai ta ce maka, "To, gobe zan zo mu gaisa da su." Za ta zo ta shiga ɗaki-ɗaki, ta buɗe kowace taga, ta danna babban yatsa a dankon da ke riƙe da gilashi ta ji ko ya fara marmashewa. Za ta duba tukwanen furannin da sai an ɗauke, da kabad ɗin da ya tare hanya, da inda ƙafar tsani za ta tsaya, da ko akwai kare a tsakar gida, da irin halin karen. Idan gidanka yana ƙarƙashin manyan bishiyoyin bakin titi, inda tsuntsaye ke cin 'ya'yan itace su yi maka zane a gilashi, za ta faɗa maka a fuska cewa kuɗinka ya ƙaru. Sa'an nan ta fito da kai waje, ku tsaya a titi, ta faɗi kuɗin sau ɗaya. Ba ta ragewa don ka ɗaga murya, ba ta kuma ƙarawa don ta ga sabuwar mota a ƙofarka.

A kan ƙorafi kuwa, tambaya biyu gare ta. Ko da wane irin fushi ka zo mata, sai ta bar ka ka gama, ta ce, "Yaushe ka gani? Kuma a ina kake zaune?" Washegari daidai wannan lokacin za ta zo, ta zauna a inda ka zauna, ta kalli abin da ka kalla. Ta ce gilashin da ya yi fes da safe yakan tona asirin mai wanki idan rana ta karkata, kuma wanda ke tsaye a kan tsani ba ya ganin abin da na kan kujera ke gani. Idan laifinta ne ta gyara, ba ta karɓar ko kwabo. Idan tsohon karce ne, ko raɓa ce ta shiga tsakanin gilasai biyu, ta kama yatsanka ta ɗora a wurin ka ji da kanka. Na ga mata da yawa sun je mata da kumfar baki, sun dawo suna tambayar ko ta sha kofi.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar gidan Kawu Gavra Stanimirov, wanda ke fuskantar shagona. Wani ɓangaren da idona na gani, sauran kuma shi ya ba ni labari da bakinsa, ya ce in rubuta kada in rage komai.

Kawu Gavra tsohon mahauci ne, mai muryar da ake ji daga wannan bakin kasuwa zuwa wancan. Gidansa shi ne mafi girma a layinmu, gadon matarsa Persida ne, bene mai dogayen tagogi. A ranar da aka binne Persida, 'yarsu Smilka da ke zaune a birnin Novi Sad ta faɗa masa a gaban jama'a cewa duk ranar da ya kasa riƙe gidan nan shi kaɗai, za a sayar ya koma wurinta, can saman bene inda ba a jin ƙamshin ƙasa. Ba da mugunta ta faɗa ba, tsoro ne ya sa ta. Amma tun daga ranar Kawu Gavra ya zama mutumin da ba ya ciwon kai, ba ya mura, ba ya neman taimakon kowa.

Wata kaka a shekarun baya, bikin slava na gidansu ya matso, ranar waliyyin da danginsu ke girmamawa tun kaka da kakanni. Smilka za ta zo, baƙi za su cika gida, tagogi kuwa rabonsu da ruwa tun Persida na da rai. Ya aika aka kira Desa. Ta gama zagayenta suka fito titi, ni kuma na buɗe tagata don in sha iska.

"Taga goma sha takwas ce duka-duka," in ji shi. "Na ƙirga da kaina."

"Ramukan bango ka ƙirga, Kawu Gavra. Ni gilashi nake wankewa. Kowace taga akwai ta ciki akwai ta waje, kowacce gaba da baya, ga gawawwakin ƙudajen shekara uku a tsakani. Na saman bene kuma sai ƙafar tsanina ta sauka kan titi."

"Persida ita kaɗai take wanke su, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba!"

"Allah ya ji ƙanta. Shi ya sa ta riga ka tafiya hutu."

Ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. Ya ce, "Bakinki ya fi wuƙata kaifi, 'yar nan. Shigo ki sha kofi mu yi magana kamar mutane."

"A fara gama maganar kuɗi, kofi ya biyo baya. In na sha kofinka na zama baƙuwarka, baƙuwa kuwa ba ta ciniki. Dinari dubu goma sha huɗu."

"Kai! Ai kuɗin ɗan alade ne sukutum!"

"To kira ɗan aladen ya wanke maka."

Ya yi tsalle ya dire, ya kira sunan kakanninsa, ya ce a zamaninsa da wannan kuɗin ake aure. Desa tana tsaye riƙe da kekenta tana kallon sama. Da ya gaji ya miƙa mata hannu suka tafa. Kafin ta tafi ta tambaye shi a wace taga yake zama, ya nuna mata ta kusurwa mai kallon yamma, inda kujerarsa take kusa da ta marigayiya.

Kwana biyu ta yi a gidan. Da ta sauke tsani, har ni da nake tsallake sai da na kare ido, don hasken da gilasan ke maidowa ya shigo mini shago. Masu wucewa suna tsayawa suna cewa gidan Persida ya farka.

Washegari ranar kasuwa ce. Desa na tsaye wurin mai cuku sai ga Kawu Gavra da sandarsa. Bai ja ta gefe ba, bai rage murya ba.

"Ke Desanka! Kitse kika shafa mini a taga ko me? Na zauna jiya ina duban titi kamar ta cikin madara! Kin karɓi kuɗin ɗan alade kin bar mini hazo a gida. Jama'a ku ji, kowa ya yi hankali da bokitin matar nan!"

Ya yi mata wankin babban bargo a gaban masu kabeji da masu barkono. Na ga kunnuwanta sun yi ja, amma ta bar shi ya kai aya, ta ce, "Yaushe ka gani, Kawu? A ina kake zaune?" Ya ce da la'asar, a kujerarsa. Ta ce to ya jira ta.

Ta je, ta zauna a kujerar, ta duba. Gilashi tas, har tana iya karanta farashin zaren da na liƙa a ƙofar shagona. Duk da haka ba ta yi musu ba. Ta ce wataƙila akwai abin da idonta bai kama ba, ta sake wanke tagar ciki da waje da ruwan tsami, ta goge da jarida har tana ƙara. Bayan kwana biyu ya sake tare ta, wannan karon a ƙofar coci, ya ce ai gara jiya da yau.

Ku da kuka san garin nan kun san kaka ita ce damina a wurin mai wankin taga, don kowane gida da nasa slava, kowa yana son baƙi su ga haske. Kun kuma san yadda magana ke gudu a Sombor. Gidaje uku suka aiko mata cewa bana ba sai ta zo ba, suka kira wasu samari masu mota da dogon tiyo. Matar da Desa ta yi shekaru tana wanke mata taga ta tsaya a shagona tana cewa, "Tsufa ne, Zagorka, idonta ya fara tafiya." Raina ya ɓaci ƙwarai, na sayar mata da maɓallai mafi muni da nake da su.

Zuwa na uku, Desa ba ta ɗauki bokiti ba. Ta same shi a kujerarsa, rana ta karkato tana dukan tagar. Ta ce ya ɗan rufe ido tukuna za ta gwada wata dabara. Ta buɗe tagar ciki a hankali, ta buɗe ta waje, ta tura su duka har bango. Tsakaninsa da titi babu sauran gilashi ko ɗaya.

"To buɗe, Kawu. Yanzu fa?"

"Yanzu me? Ga shi nan dai! Dubi can, fari fat. Ga kitsen nan, ga shi nan daidai..."

Ya miƙa hannu zai dangwala mata wurin. Ina zaune a tsallake na ga hannun Kawu Gavra ya fito ta taga, yatsa a miƙe, yana neman gilashin da zai taɓa. Hannun ya tsaya a cikin iska. Ya daɗe a haka, iskar kaka tana kaɗa hannun rigarsa, sa'an nan ya koma ciki sannu a hankali. Ban taɓa ganin abin da ya karya mini zuciya a layin nan kamar hannun nan ba, kuma ranar ce kaɗai na ji kunyar leƙe na ja labule.

Ya ce mini daga baya ya daɗe da sani, amma kullum yana samun wanda zai ɗora wa laifi. Yau ƙwan fitila ne ba shi da ƙarfi, gobe masu jarida ne suka ƙanƙance rubutu. Tagogin ne suka rage masa, kuma ya sa rai da gaske cewa in aka wanke su duniya za ta dawo. Da ba ta dawo ba, sai ya ga ihu ya fi masa sauƙi a kan tsoro.

"Kada ki faɗa wa Smilka," ya ce mata a ranar, da muryar da Desa ba ta san yana da ita ba. "Don Allah, 'yar nan. Za ta kai ni saman benen can in mutu ina kallon rufin motoci."

Desa ta rufe tagogin, ta jawo kujerar Persida ta zauna. Ta ce, "Yanar ido ce, Kawu, ga ta nan ina gani a idonka. Uwata ta yi irinta, aka cire mata, ta koma tana zura zare a allura tana zagin ɗinkin kowa. Ba zan faɗa wa Smilka ba, ba zan faɗa wa kowa ba, maganar ta bakinka ce. Amma tagar nan ba zan ƙara wanke ta ba, don ba ta yi laifin komai ba. Yanzu tashi ka dafa mini kofin nan da ka yi alkawari."

Da ta fito na tare ta a bakin shago. Na ce, "Desa, na gani."

"Ba ki ga komai ba, Yaya Zaga."

"Gidaje uku sun kore ki a kan ƙarya! Kalma ɗaya zan faɗa wa mai cuku, kafin azahar gari ya ɗauka."

"Gidaje ukun nan su dawo ko kada su dawo, zan samu wasu. Shi gida ɗaya gare shi."

Na riƙe sirrin, kuma duk wanda ya san ni ya san abin da hakan ya ci mini. Ita kuwa ta ci gaba da hawa kekenta tana wuce mutanen da ke yi mata kallon mai ha'inci, tana gaishe su da sunayensu.

Ranar slava ta zo. Kawu Gavra ya aiko ni in ce wa Desa lallai ta zo, ta kuwa zo cikin rigarta ta zuwa coci, ta zauna can ƙarshen tebur. Limamin coci ya yi addu'a, aka yanka burodin biki, aka zagaya da dafaffiyar alkama. A al'ada mai gida ba ya zama matuƙar kyandirin biki na ci, don haka Kawu Gavra yana tsaye da kwalbar barasar da ya dafa da kansa, yana bin baƙi yana zubawa. Da ya zo kan surukinsa, mijin Smilka, sai ya karkata kwalbar ya tsiyaye ta a gefen ƙaramin kofin, a kan farin mayafin tebur na Persida. Bai ma lura ba sai da ta fara ɗiga a ƙasa.

Wani maƙwabci ya yi maza ya ce, "Mai gida ya fara biki tun jiya ke nan!" Aka yi dariya. Ga hanyar fita an buɗe masa, a ce maye ne a wuce wurin. Na ga ya juya fuska wajen ƙarshen tebur, inda ya san Desa take ko da ba ya ganinta sosai. Ita ko motsi ba ta yi ba. Sai ya ajiye kwalbar.

"Ban sha komai ba," ya ce. "Ba na gani ne. Tun bara. Smilka, ba na ganin fuskarki daga nan. Kuma ku da kuka ji ni a kasuwa, ku ji ni yanzu. Tagogin matar nan tas suke, hazon a idona yake. Na ci mutuncinta a banza, ta sani, ta rufa mini asiri, ta bar ku kuna zaginta."

Smilka ta miƙe. "Baba, ka gwammace ka tozarta baiwar Allah a kasuwa da ka ɗaga waya ka kira ni?"

"Benenki na ji tsoro."

Ta fashe da kuka, tana faɗa tana kuka, tana cewa ai ga irinta nan, gidan nan zai kashe shi, gobe-gobe za ta nemo dillali. A nan ne Desa ta taso, ta kama hannunta kamar za ta nuna mata karce a gilashi, ta kai ta tagar kusurwa ta zaunar da ita a kujerar ubanta. Ta ce, "Ƙanwata, ni ban san komai a kan sayar da gida ba. Amma ba na yanke hukunci a kan ƙorafin mutum sai na zauna inda yake zama. Ɗan zauna tukuna." Daga kujerar nan ana ganin layinmu gaba ɗaya, da bishiyar da Persida ta shuka a bakin ƙofa, da hanyar da ta miƙe zuwa maƙabarta. Smilka ta zauna a wurin har miya ta huce, ba wanda ya kira ta.

Ba zan ce maganar sayar da gida ta mutu ba. Smilka tana tayar da ita duk shekara, shi kuma yanzu ya ce kunnensa ne ya lalace. Amma dillali bai zo ba. An yi masa aikin ido ɗaya kafin sanyi ya wuce, ɗayan kuma bayan Ista, Smilka ta ɗauki hutu ta zauna da shi. Biyu daga cikin gidajen nan uku sun dawo wa Desa suna sunkuyar da kai. Na ukun har yau kunya ba ta bar su ba.

Da bazara ta sake wanke masa tagogin, a kan kuɗin da suka yi da farko. Washegari tana wucewa a keke sai muryar nan ta tsaga layi.

"Ke Desanka! Zo ki ga aikinki! Kin bar mini tabo a kusurwar hagu, can sama!"

Na ce shi ke nan, an koma gidan jiya. Ta jingina keke, ta kafa tsani, ta hau. Ta daɗe tana duban kusurwar. Tabo ne na gaske, sawun babban yatsanta, ƙarami kamar ƙwayar wake, a saman wata taga ta gefe mai tsayin mutum biyu, kuma daga kujerarsa ya hango shi. Ta goge da gefen rigarta, ta sauko tana dariya hawaye na zuba. Ta ce mini a duk shekarunta na aiki, wannan ne ƙorafin da ya fi mata daɗi.

Desanka, ke ce kika ɗauki zagin da ba naki ba kika yi ta yawo da shi a kan keke, don wani tsoho ya samu lokacin da zai faɗi gaskiya da bakinsa. Ke ce ba ki taɓa rage kuɗinki don tsoron mai ihu ba, ba ki kuma taɓa wulaƙanta mai ihun ba. Mun shekara muna duban duniya ta cikin aikin hannunki ba tare da mun gan ki ba, don aikinki in ya yi kyau ba a ganinsa. Yau mun gan ki. Mun gode, Allah ya hutar da kafaɗar nan, ya ba ki tsufa mai daɗi.

Ku kuma masu shago da masu ofis, da ku samari masu dogon tiyo, har da ni mai maɓallai, idan wani ya zo mana da faɗa, kafin mu rama mu tambaye shi inda yake zaune, mu je mu zauna a wurin.

Tsanin yana rataye a bangon gidanta yanzu. Taga ɗaya ce ta ce ba za ta bari ba, ta kusurwa mai kallon yamma, don ana iya wanke ta daga ciki ba sai an hau komai ba. Kawu Gavra yana dafa kofi tun kafin ta iso, ta sha abinta a kujerar Persida, shi kuma yana zaune a tasa yana nuna mata inda ta bari.